Takalmin Baba Nomau

Idan ka bi hanyar da ta fita daga Damagaram ta nufi Takieta, kafin ka wuce inda manyan motoci suke tsayawa, za ka ga wata rumfar kolaj, wato facin taya, a gindin dogon-yaro. Mai rumfar sunansa Ɗan Azumi. Dogo ne siriri, aikinsa tsaf, ba ya cuta, ba ya surutu. Zai liƙe maka taya ka biya ka tafi ba ka ji muryarsa ba sai "sauka lafiya", kuma kafin magariba ya rufe rumfa ko da layi ake yi. Amma ka kuskura ka ƙura masa ido ka ce, "Kai, ba kai ne na cikin wayar salula ba, mai tafiyar nan?" to wallahi ka ɓata masa yini. Zai dulmiya kai cikin bahon neman huji, ba zai ƙara ɗagowa ba sai ka tafi. Mutumin da ya taɓa sa manyan gari riƙe ciki don dariya ke nan, yau ko tari ba ya son yi a gaban jama'a. Kunya ce take cinsa, kuma ni dai ban ce bai cancance ta ba.

A unguwar Kara-Kara aka haife shi, cikin watan azumi, shi ya sa sunan. Duk ɗan Zinder ya san su wa suka fara kafa bukka a Kara-Kara: mutanen da kuturta ta taɓa ne, gari ya ture su can gefe don kada ya riƙa ganinsu. Mahaifinsa Nomau mutumin garin Dogo ne, manomin gero da gyaɗa. Yana saurayi ciwon ya kama shi, ya zo birni neman magani da niyyar komawa kafin shuka, sai zama ya kama shi. Magani ya kashe ciwon, gaskiya ne, amma kafin nan ya riga ya tafi da yatsun hannu da na ƙafa. A unguwar ya auri Hajara, 'yar maƙwabcinsa, lafiyayya garau, kuma cikin 'ya'yansu Ɗan Azumi ne kaɗai ya rayu. Sana'ar Nomau harawa ce, bai taɓa yin bara ba. 'Yan uwansa na Dogo su turo masa a amalanke bayan kaka, shi kuma ya jibge a ƙofar gida yana sayar wa masu kiwon raguna. Ka gan shi yana ɗaure dami da dungun hannu biyu da haƙori, ka rantse yatsu goma gare shi.

Abin da mutane ba su sani ba game da ciwon nan shi ne, ko ya warke, ji ba ya dawowa ƙafa. Nomau zai taka garwashi bai sani ba sai ya ji ƙauri. Ƙaya ta shige shi ta kwana ta ruɓa, shi yana ta hirarsa. Gyambo kuwa a irin ƙafar nan ba wasa ba ne, da yawa a unguwar ta haka aka yanke musu. Saboda haka majo na asibitin kutare, wato babban malamin jinya, ya kafa wa gidan doka: kullum kafin magariba a jiƙa ƙafafun a ruwa, a goge kaushi da dutse, a shafa man kaɗe, a duba ko'ina da ido. Tun Ɗan Azumi bai iya wanke nasa jikin da kyau ba aikin ya zama nasa. Allah kuma ya taimake su, shekara da shekaru ƙafar Nomau ba ta taɓa yin gyambo ba. Majo har misali yake yi da ita. Tsohon kuwa sai ya ce, "Ai ba tawa ba ce, ta Ɗan Azumi ce, ni dai takawa nake yi."

Sai takalmi. A asibitin aka auna ƙafarsa aka ɗinka masa: baƙi, gajere, mai dunƙulen baki, cikinsa da laushi, da maɗauri mai mannewa wanda dungu zai iya rufewa. Shi ke nan gare shi, ba na canji. Na kasuwa ba ya zama a ƙafar da ba yatsa, don haka in ba takalmin nan, Nomau ko ƙofar gida ba ya takawa.

A gida ke nan. A waje kuwa Ɗan Azumi wani mutum ne daban. Tun a lakwal, wato makarantar boko, ya gane cewa in ka ce daga Kara-Kara kake, yaron da ke kusa da kai zai janye kwanonsa. Sai ya koyi cewa, "Ni ɗan Dogo ne, a gidan kawuna nake zaune." Kuma ya gano yana da wata baiwa: duk wanda ya kalla da kyau sai ya kwaikwaye shi, murya da tafiya har yadda yake sosa ƙeya. Da haka ya sayi abokai. Karatu bai yi nisa ba ya kama koyon kolaj, amma bakin nan da jikin nan ba su bar shi ya zauna lafiya ba.

Mushe Mahamud, wato Malam Mahamud a bakin 'yan lakwal, shi ne ya tsince shi. Tsohon malamin lakwal ne, ya yi wasan kwaikwayo tun zamanin ƙungiyoyin matasa na samariya, yana da 'yar ƙungiyarsa ta teyatur mai suna Madubi. Ya kawo motonsa, wato babur, faci, ya tarar da Ɗan Azumi yana kwaikwayon wani direban kaminyo, wato babbar mota, direban da kansa yana hawaye don dariya. Ya ce, "Kai yaro, ranar Asabar ka same ni a gidan matasa."

Aikinsu ba takarda. Mushe zai zaunar da su a tabarma ya ba su ƙashin labari: ga ɗan kasuwa marowaci, ga matarsa, ga abin da zai faru a ƙarshe. Naman kuma kowa ya sa da kansa. Dokarsa ita ce, "Kowa ya zo da mutuminsa, ya zo da kayansa." Wato ka shiga gari ka samo mutumin da za ka zama, ka kuma samo riga ko hula a gida ko wurin maƙwabta, don ƙungiya ba ta da akwatin kaya. Rabin rawunan da aka naɗa a dandamalin nan, masu su ba su san sun fita daga ɗaki ba. A ɗauka, a yi wasa, a mayar. Kowa ya san haka ake yi, ba wanda ya taɓa kiransa sata.

Ba su kaɗai suke hawa dandamalin ba. Akwai orkes, wato ƙungiyar kiɗa, ta Safiyanu, wani tsohon soja da ya yi busa a bariki har ya gaji da kiɗan taku ɗaya. Ya tara mai gita da mai ganguna da wani mai kalangu, shi kuma yana busa sakso, dogon ƙahon tagulla mai lanƙwasa. Jaz suke kiran abin da suke yi. Za su ɗauko waƙar da kowa ya sani, ta biki ko ta daka, su buga kanta, sai kowa ya kama gabansa ya yi yawo da ita inda ya ga dama, can kuma ka ji sun haɗu wuri guda kamar sun yi alkawari. Da farko mutanen gari cewa suka yi taɓin hankali ne. Daga baya kuwa, Asabar bayan la'asar ba ka samun wurin zama. Safiyanu kan ce shi da Mushe sana'arsu ɗaya, duka ba a rubuce take ba, kunne ne da ido. Sai ya zama ko ana wasa ba ya sauka, yana gefe da saksonsa yana bin 'yan wasa da busa.

Ɗan Azumi ya daɗe a ƙungiyar yana fitowa ɗan aike, ko ɗan sanda mai magana ɗaya. Abin yana cinsa. Shi ya san ya fi su, amma duk mutumin da ya kawo, wani ya riga ya kawo irinsa. An gaji da mashayi, an gaji da baƙauye. Wata rana ana gwaji, Mushe ya ce yana son wani ya zo ƙofar marowacin nan ya dame shi. Ɗan Azumi ya miƙe. Bai shirya ba, jikinsa ne ya riga shi. Ya dunƙule yatsunsa ciki, ya sauke kafaɗar dama, ya jefa ƙafar hagu gaba ta faɗi daɓas, ya jawo ta dama a ƙasa, ya yi ɗan tarin nan da ubansa yake yi kafin sallama. Safiyanu yana gefe yana goge sakso, sai ya ɗaga ya busa wani gurnani daidai faɗuwar ƙafar, da wani siririn kuka daidai jan ɗayar. Kai jama'a! Mai gita ya faɗo daga kujera. Matar marowacin ta manta a wasa take, ta durƙushe tana riƙe da ciki.

Mushe yana share hawaye ya ce, "To, me ya kawo shi ƙofar? Ya yi bara mana."

Ɗan Azumi ya miƙa dunƙulallen hannu, ya karya wuya ya ce, "Saboda Allah, Alhaji." Aka sake fashewa.

Da aka tashi, Safiyanu ya dafa shi ya ce, "Ɗana, ina ka samo tafiyar nan? Wannan ba ƙirƙira ba ce, mai ita yana nan da rai."

"Wani kuturu ne a tasha, Baba Safiyanu. Kullum ina ganinsa."

Haka ya faɗa, bakinsa ko rawa bai yi ba. Nan take aka raɗa wa mutumin suna Na-Tasha. Ya hau motonsa ya koma Kara-Kara, ya ɗebo ruwa a baho, ya durƙusa ya ɗora ƙafar ubansa a cinya kamar kullum.

Na-Tasha ya karɓu, ba kaɗan ba. Yara suna bin Ɗan Azumi a unguwar Zongo suna jan ƙafa suna tari. Shi kuma daɗi yake ji, kada in rufa masa, daɗi sosai. Mutumin da ya girma ana janye kwano in ya matso, yau ana kiransa a miƙa masa shayi. Amma ya lalata wa kansa magariba. Da yana duba ƙafar don ƙaya, yanzu yana duba ta don abin da zai ƙara a wasa. Tsoho ya tashi zai zagaya, ɗansa yana binsa da wutsiyar ido yana lura da yadda ƙugu yake juyawa. In ya tuna sai ya ce Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe. Asabar ta zo, sakso ya yi gurnani, ya manta. Nomau kuwa abin da ya sani shi ne ɗansa yana wasan faɗakarwa, irin na rigakafi da tsabtar ruwa. Har gaya wa masu sayen harawa yake yi, "Yaron nawa, manya ke zama su saurare shi." Mutanen layinsu ba sa zuwa gidan matasa, shi ya sa asirin ya daɗe.

Sai wata bazara aka shirya babban biki na kiɗa da teyatur, da baƙi daga Yamai da Maraɗi. Mushe ya dubi tsummokaran da Ɗan Azumi yake naɗawa a ƙafa ya ce, "Wannan fa ba za mu nuna wa baƙi ba. Ba za ka iya aro mana takalminsu na gaske ba? Ka ba mutumin naka na goro." Ɗan Azumi ya ce zai gwada.

Ya yi dabararsa, kuma a ganinsa ba ta da huji. Lokacin zafi majo ya hana tsohon fita da rana. Daga azahar yana kwance a zaure, la'asar ma a nan yake yinta, ba ya neman takalmi sai zai tafi masallaci da magariba. Wasa bayan la'asar ne, fitowarsa kuma da wuri take. Zai ɗauka, ya yi, ya mayar kafin a kira salla, yadda ake yi da rawani. Sakaran bai tsaya ya tuna cewa ba wanda ƙafarsa take ruɓewa don an ɗauke masa rawani ba. Ya leƙa zaure, tsoho yana munshari, takalmin yana bakin tabarma a jere. Ya sa hannu ya ɗauka ya cusa a leda. Ya tura moto har bakin titi kafin ya tayar, don kada ƙara ta tashe shi.

A bayan dandamali ya gwada sawa, takalmin ya ƙi, don ba a yi shi domin mai yatsu ba. Sai da ya lanƙwashe yatsunsa ƙasa ya danna da ƙarfi. Yana miƙewa ya ji zafi har ƙwaƙwalwa, tafiyar kuma ta zo da kanta ba sai ya kwaikwaya ba. Orkes ta buɗe da wata waƙar daka da suka juya ta har masu ita ba za su gane ta ba. Aka fara wasa. Na-Tasha ya fito, baƙin takalmin nan ya faɗi daɓas a kan katako, sakso ya amsa. Ran nan Safiyanu ya yi busar da bai taɓa yi ba. Mai kalangu ya shigo, mai ganguna ya shigo, tafiyar tsoho ta zama kiɗa sosai, har baƙin Yamai suna tafi a kan kowane taku. Ya zagaya dandamali, aka ce ya ƙara. Ya miƙa hannu ya ce, "Saboda Allah, Alhaji," fili ya ɗauka gaba ɗaya. Salula ta ko'ina a sama, ana ɗauka. Maimakon ya sauka ya kama hanya, sai ya tsaya shan hannu da baƙi, ya tsaya a yi hoto da shi. Bai tuna da lokaci ba sai da ya ji kiran salla.

Ya iso unguwa ya tarar da tabarmi a shimfiɗe a layinsu, maza zaune jugum. Gabansa ya faɗi. Ashe Ɗanƙarami ne ya rasu, aminin Nomau, wanda suka yi jinya gado da gado tun suna samari. Da azahar ya cika, aka yi masa sutura, bayan la'asar aka kai shi, don ba a ajiye gawa a zafin nan. Ɗan Azumi ya yi ajiyar zuciya da ba gidansu ba ne, Allah ya yafe masa, har ya ɗan ji sanyi. Ya shiga zaure da ledarsa ɓoye cikin riga. Sai ya ga sawu na jini a ƙasa, taku-taku, daga ƙofa har tsakar gida.

Hajara tana durƙushe gaban baho, ruwan ya koma ja. Nomau yana zaune a 'yar kujera yana salati a hankali, fuskarsa lafiya lau, don shi ba abin da yake ji. Tafin ƙafafun duk sun saluɓe da ƙunar ƙasa, a na hagu kuma ga tsaga mai zurfi inda kwalba ta shiga.

Uwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mun nemi takalmi, sama ko ƙasa mun rasa. Na ce Malam ka zauna, Allah ya ga zuciyarka. Ya ce a kai Ɗanƙarami yana zaune a gida? Na naɗa masa tsumma. Tsumman ya kwance a hanya bai ji ba, har maƙabarta, har ya dawo." Ta ɗago ta dubi ƙirjinsa inda ledar ta yi tudu. "Mene ne a rigarka?"

Ya fito da shi ya ajiye. Ba wanda ya tambaye shi dalili, da kuwa an tambaya da ya fi masa sauƙi. Nomau ya dubi takalmin ya ce, "To, alhamdu lillahi, ba ɓarawo ba ne." Ya juya wajen matarsa ya ce ta ƙara ruwa.

Sun yi iya yinsu. Majo ya wanke, ya ɗaure, ya yi allura, ya dai daina kallon inda Ɗan Azumi yake. Ƙafar dama ta haɗe a hankali. Ta hagu ta ƙi. Ta kumbura, ta yi wari, ruɓar ta kai ƙashi. Aka kwantar da tsohon a babban asibiti. Ɗan Azumi ya rufe rumfa ya tare a can, shi ne wanki, shi ne kai shi bayi. Kullum yana shirya maganar da zai yi, in ya buɗe baki sai ya ji ya ce, "Baba, in kawo kunu?"

Ana cikin haka bidiyon bikin ya zaga gari daga salula zuwa salula har ya shigo Kara-Kara. A unguwannin Zongo da Birni dariya ake yi. A Kara-Kara ba wanda ya yi, don kallo ɗaya suka gane takalmin, suka gane tarin. Samarin unguwa suka tare shi a bakin famfo, ɗaya ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa ya ce, "Mu ake zagi a gari da 'ya'yan kutare, ashe kai kake sayar da iyayenmu." Matan da suka goye shi suka daina amsa gaisuwarsa. Labari ya bi ta ɗaya hanyar ma, ya isa gidan matasa. Safiyanu ya zo asibiti da 'yar ledar lemo, ya tsaya a bakin ɗaki, ya ga tsohon, ya ga ƙafar a naɗe. Ya dubi Ɗan Azumi ya ce, "Ka ce mini a tasha." Ya ajiye ledar ya juya. An ce ya jima bai taɓa sakso ba. Mushe ya aiko a ba da haƙuri, ya ce shi bai sani ba. Gaskiyarsa ne, an ɓoye musu da kyau.

Sai wani mai zuwa dubiya, irin mutanen nan da ba sa iya riƙe magana ko mutum yana kan gado, ya kunna wa Nomau bidiyon. Ɗan Azumi ya dawo daga sayen magani ya ji kukan sakso yana fitowa daga ɗakin marasa lafiya. Ya tsaya a baranda har aka gama. Da ya shiga, abin da uban ya ce kawai shi ne ya gyara masa matashi. Kafin damina ta sauka likita ya yanke ƙafar hagu, ƙasa da gwiwa.

Bayan an sallame su, wata la'asar Nomau yana zaune a tabarma a tsakar gida, sandunan da aka ba shi suna jingine da bango, har yanzu bai iya riƙe su ba. Hajara tana tankaɗe. Ɗan Azumi ya zo wucewa da buta, tsohon ya ce, "Ajiye. Zo ka yi mini wasan nan."

"Baba, don Allah."

"A salula ƙarami ne, idona bai gani sosai ba. Ka yi wa mutanen Yamai, ni ne ba za ka yi wa ba?"

"Baba, na tuba. Ka doke ni, ka kore ni, amma ban da wannan."

"Ban ce ka tuba ba. Cewa na yi ka yi."

Hajara ta ajiye rariya ta shige ɗaki ta saki labule. Ɗan Azumi ya tsaya a tsakiyar gidan da aka haife shi. Ya dunƙule yatsu. Ya sauke kafaɗa. Ya jefa ƙafar hagu ta faɗi, ya jawo ta dama. Ba busa, ba tafi, sai ƙarar tafin ƙafarsa a kan yashi da akuya tana tuƙa a gefe. Ya yi tarin. Tsohon yana kallonsa da natsuwa, yadda yake kallon rago in an kawo masa ya duba. Ɗan Azumi ya isa bakin tabarma ya tsaya, hawaye suna zuba.

"Ci gaba," in ji Nomau. "Akwai saura. Na ga ka yi wani abu da hannu."

Ya miƙa hannun. Ya karya wuyan.

Nomau ya daɗe yana duban hannun nan. Sa'an nan ya gyaɗa kai ya ce, "Tafiyar tawa ce, ban musa ba, ka iya ta. Tarin ma nawa ne. Amma Ɗan Azumi, tun kana goye kake ganina. Wannan hannun da ka miƙa, a wurin wa ka gan shi?"

Ɗan Azumi ya tsaya a gaban ubansa da hannu a miƙe, ya rasa yadda zai mayar da shi.